Karen da Ubale Ya Ciro Daga Kwalta

A unguwar Nuzla ta Jidda in ka ga mutane sun fara dariya tun mai labari bai kai tsakiya ba, to Ubale ne ke magana. Ɗan dako ne a kasuwar Bab Makka, mai tura amalanke. A Jidda aka haife shi, a Jidda ya fara furfura, bai taɓa shiga ciyawar da ta wuce gwiwarsa ba, amma duk wannan bai hana shi zama jikan maharbi ba. Kakansa, in ji shi, da ƙafa ya tako daga Haɗeja har bakin Bahar Maliya, ya kashe zakuna uku a hanya. Ranar da shayi ya ji sukari kuwa, zakunan kan kai bakwai.

A shekarar da aka fara shimfiɗa wa titunan kudancin gari kwalta, wata Talata da rana tsaka, Ubale na dawowa da amalanke babu kaya sai ya tarar da mutane sun yi da'ira a gefen hanya. Wata gangar kwalta ce ta kife, rana ta narkar da ita ta malale, a tsakiya kuma ga wani abu baƙi yana motsi yana kuka ƙasa-ƙasa. Kare ne. Ƙafafunsa huɗu sun nutse, haɓarsa ta manne, idanu kaɗai suka rage masa.

Kowa na cewa "miskin, miskin," ba wanda ya matsa. A nan dai a faɗi gaskiya, Ubale ya yi abin kirki. Ya ciro katako daga amalankensa ya shimfiɗa, ya kwanta rubda ciki a kai, ya yi ta ja yana nishi har karen ya ɓamɓaro. Takalminsa na hagu ne ya maye gurbin karen, yana can har yau a ƙarƙashin titi.

Da ya tsaya nan, da sai dai a yi ta sa masa albarka. Sai bakinsa ya buɗe.

Maƙwabcinsa Husaini direba, wani Bahaushen Sudan mai babbar mota da ke kiransa Ammi, wato baffa, ya ce, "Ammi Ubale, Allah ya ba ka lada. Yalla, ajiye shi a inuwa mu tafi."

"In ajiye wa? Ka san mene ne wannan?"

"Kare."

"Kare! Ku 'yan birni idanunku a rufe suke. Salugi ne wannan, karen farautar Larabawan jeji, irin wanda manya ke lulluɓe wa bargo. Tun daga nesa jinin kakana ya gane shi."

Husaini ya durƙusa ya duba. "Salugi dogayen ƙafafu gare shi. Wannan ai kamar an ɗora tukunya a kan murhu."

"Kwalta ce ta shanye su. Za su miƙe."

Lokacin kullum rediyo maganar saruk take, wato kumbon nan da Turawa ke harbawa sama. Kafin su kai bakin layi Ubale ya raɗa wa karen suna Saruk, ya kuma shaida wa mai shago da mai ruwa da wani makaho da ke wucewa cewa daga yau Nuzla ta daina sayen nama.

Matarsa Mastura tana tsakar gida tana suyar gyaɗar da take kaiwa Bab Makka kowace safiya. Ta ɗago kai daga kasko, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba.

"Abu Zakiya, mene ne wannan a amalanke? Kuma ina takalminka ɗaya?"

"Arziki ne ya shigo gidanki. Tashi ki yi masa maraba."

Arzikin ya yi atishawa.

"Innalillahi! Kare? A gidan da nake soya abin da mutane za su sa a baki?"

"Ba kare ba ne, salugi ne."

"Salugin yana haushi?"

"In ya ga dama."

"To kare ne. Fitar min da shi."

Ubale ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauko kananzirin fitila ya fara goge kwalta. Kananzir ya ƙare, kwalta ba ta ƙare ba. Da Mastura ta shiga ɗaki yin sallar la'asar, sai ya lallaɓa ya ɗauko kwalbar man gyaɗarta ya juye wa karen. Inda mai ya gaza, almakashi ya shiga. Da aka gama aiki sai ga abin da ya fito: wani gajeren kare fari mai ɗige-ɗigen ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, gashin jikinsa kamar tabarmar da akuya ta fara ci ta fasa. Ga warin kananzir har bakin layi. Kwana uku mazan unguwa na kashe taba in za su wuce ƙofar gidan.

"Kin ga ƙirji?" in ji Ubale. "Kin ga wuya?"

"Na ga kwalbata babu komai," in ji Mastura.

Washegari Ubale bai je dako ba. Ya tattaro tsofaffin garwanin kananzir ya fasa, ya buga wa Saruk gida mai ƙofa da taga, har ya kafa masa tuta da tsumma. Ya kira maƙwabta su shaida tarewa. Sai dai ya manta cewa rana a Jidda ba ta wasa da kwano. Da ya tura karen ciki da azahar, karen ya taka ƙasan gidan ya fito a guje yana ihu, ya bi ta tsakanin ƙafafun Husaini, ya zagaye tsakar gida sau biyu.

"Kun gani?" Ubale ya daka tsalle. "Kun ga gudu? Na ce muku Saruk ne!"

Wannan shi ne gudu na farko da aka ga karen ya yi, kuma an daɗe ba a ga na biyu ba. Da kansa ya zaɓi mazauninsa: ƙarƙashin randar Mastura, inda ruwa ke ɗiga ƙasa ta yi sanyi. Daga nan ya fara ziyarar kwanuka. Duk kwanon da ya sa wa baki sai Mastura ta wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Mai ruwa da ke kawo garwa biyu kullum ya koma kawo shida, har ya tambaya ko wanki da guga aka buɗe a gidan.

A bayan katangarsu akwai wata tsohuwa, Khala Dela, wato Inna Dela, mai awaki uku da bakin da ya fi rediyo nisa. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Bab Makka. Masu sayen gyaɗa suka fara tsayawa nesa da tiren Mastura suna tambaya, "Wannan ce wadda karen ya shinshina, ko wancan gefen?" Ranar ta dawo gida da fiye da rabin gyaɗarta. Ba ta ko cire mayafi ba ta wuce ƙofar masallacin unguwa, ta aika a kira mata liman.

Shaihu Abdulghaffar dattijo ne mai haƙuri, wanda ya san Ubale tun yana yawo ba wando. Bayan la'asar ya zaunar da shi a gaban jama'a.

"Ya Ubale, ceton ran da ka yi Allah ya gani. Wannan halas, babu magana. Amma ajiye kare a gida sai da dalili: ko farauta, ko kiwo, ko gadin gona. Naka wanne yake yi?"

"Uku kawai, ya Shaihu? Ai Saruk duka ukun zai haɗa."

"Ɗaya ma ta isa. Na ba ka Juma'a biyu ka nuna mana. In bai yi ba, ka mai da shi inda karnuka suke."

Mastura ta ɗaga murya daga bayan katanga. "In kuma bai mayar ba, ni zan koma unguwar Ammariyya gidan 'yata Zakiya, ya zauna su soya gyaɗar tare."

Ubale ya fara da gona, don a ganinsa ita ce mai sauƙi. Ya rushe gidan kwanon nan, ya cika garwani huɗu da suka rage bai fasa ba da ƙasa, ya watsa gero, ya jera su jikin katanga ya ce ga gona. Safe da yamma yana ban-ruwa, yana yi wa Saruk huɗuba a kan amana. Kwana huɗu tsiro ya leƙo. Ubale ya ruga ya ɗauko liman da mutum biyar su zo su ga mai gadi a bakin aiki. Suka tarar da mai gadi ya tone garwa ɗaya ya kwanta a cikin danshin yana barci, akuyar Dela kuma ta ɗora ƙafafu a katanga tana gamawa da sauran ukun.

"Gadi yake daga ciki," in ji Ubale. "Dabarar jeji ce."

Liman ya shafa gemu. "Akuyar fa?"

"Zakka ya fitar."

Ganin akuya ya tuna masa da kiwo. Ya je ya durƙusa wa Dela har ta yarda ta ba shi aron awakinta na wuni ɗaya, bisa sharaɗin ko gashi ɗaya ya ɓata sai ya gane kurensa. Da safe ya fito da sanda a kafaɗa kamar Bafillace, awaki a gaba, Saruk a baya. Tafiya ba ta yi nisa ba babbar akuyar, wata mai ƙaho ɗaya, ta waiwayo ta kalli karen. Karen ya kaɗa mata wutsiya. Ta sunkuyar da kai. Daga nan tsari ya juya: Saruk a gaba, awaki a bayansa, Ubale a bayan awaki yana ihu, suka ratsa layin masu gasa burodin tamis, suka kifar da tukunyar waken mai ful, suka shiga shagon wanzami ta ƙofa suka fita ta taga, mutumin da ake wa aski ya biyo su da rabin kai. Karen bai tsaya ba sai ƙarƙashin randa. Awakin suka tsaya a tsakar gida suka cinye igiyar shanya da hular Ubale.

Dela ta zo tana haki. "Wa ya yi kiwon wani, kai Ubale?"

"Khala, ba ga awakinki sun dawo gida ba? Wa ya jagorance su?"

"Allah ya jagorance ka zuwa hankali."

Saura kwana uku wa'adi ya cika. Da yamma Ubale ya zauna bakin amalankensa, karen ya zo ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa ya lumshe ido. Ubale ya dubi fatar nan da gashi bai gama rufewa ba, ya tuna karnukan bayan kasuwar kifi da yadda suke yi wa baƙo. Ya shafa kan karen, ya ce a ransa can dai ba wurin zuwansa ba ne. Abin da ya ɗan kwantar masa da hankali shi ne karen ya yi ƙiba, ga shi ba abin da yake ba shi sai gutsuren tamis. Ya ce wannan ai asali ne.

Da safe ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi shela. Ranar Juma'a bayan an sauko, duk unguwa za a fita hanyar Makka farauta. Husaini ya kawo mota, mata su kawo shinkafa da manyan tukwane da albasa. Nama kuwa kada wanda ya kuskura ya sayo.

"Zomaye, barewa, abin da Allah ya hore. Mai cin ƙoda ya faɗa tun yanzu."

"Ka tabbata, Ammi?" in ji Husaini. "Shekarata tara ina bin hanyar nan, ban taɓa ganin abin da ya fi ƙadangare ba."

"Kai tuƙi kake, ba ka da hanci."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ranar Alhamis ya sulale can ƙarshen Bab Makka wurin wani mai sayar da kaji da tantabaru, ya ce a ba shi zomon jeji. Mutumin ya ce zomo ɗaya ya rage, ya ɗago shi ta kunne: ƙato, fari tas, idanu jajaye, yana taunar ganye ko a jikinsa. Ubale ya san ko yaron goye ba zai yarda wannan ya fito daga jeji ba. Ya saye shi, ya kai shi kangon da yake ajiye amalanke. Ya koma gida ya saci lallen Mastura, ya kwaɓa da ruwan shayi mai kauri, ya shafe zomon tun daga kunne har wutsiya don ya koma kalar ƙasa.

Da ya wanke shi da safiyar Juma'a sai zomo ya fito ja-ja-wur kamar lemo. Ubale ya dubi zomo, ya dubi hannuwansa. Tafukan nan biyu sun kama lalle har wuyan hannu, ko amarya albarka. Ya goge da toka, ya goge da yashi, ya goge da lemon tsami, lalle sai ƙara kyau yake. Ya yage tsohon rawani ya naɗe hannuwan, ya jefa zomon a kwando ya rufe da buhu.

"Me ya sami hannunka?" in ji Mastura.

"Maganin farauta ne na kakana. Ba a son mace ta gani."

"Lallena ma ban gan shi ba."

"Akuyar Dela."

Mutum wajen arba'in suka cika motar Husaini, maza a gaba-gaba, mata a baya da tukwane, liman a kusa da direba. Ubale ya zauna a kan kwandonsa, Saruk a gefe ya sa kai cikin cinyarsa don tsoron ƙarar inji. Ana cikin tafiya kwandon ya motsa. Dela ta nuna da baki.

"Me ke cikin nan?"

"Layu."

"Layu ne ke motsi?"

"In sun ji ƙanshin jeji."

Wasu 'yan ƙwallaye baƙaƙe suka fara gangarowa daga ƙasan kwandon suna bin katakon mota. Wani tsoho ya ɗauki ɗaya ya kai hanci.

"Barkono ne na nama," in ji Ubale da sauri. "Ajiye, kada ka ɓata."

Aka tsaya a wani fili, yashi da duwatsu da 'yan ƙayoyi jefi-jefi. Mata suka kafa murhu, shinkafa ta hau wuta, albasa ta fara ƙamshi. Ubale ya ce kowa ya juya baya zai je ya binne layu. Ya ruga bayan wata ƙaya, ya zazzage zomon, ya ce masa, "Don Allah ka yi gudu ko kaɗan ne," ya dawo yana goge gumi.

Liman ya ce a yi addu'a kafin a fara. Kowa ya ɗaga tafuka, Ubale ya ɗaga ƙunshin tsumma biyu. Aka shafa. Sannan ya ja karen zuwa gaban jama'a, ya durƙusa ya raɗa masa wani abu a kunnen da ke tsaye, ya nuna ƙayar ya kwatsa ihu.

"Saruk! Kama!"

Saruk ya zauna ya sosa wuya.

"Lissafi yake," in ji Ubale. "Yana auna iska."

Ba a jira ya gama aunawa ba, naman dajin ya gaji da zaman kaɗaici ya fito da kansa. Ya yi tsalle ɗaya, ya huta, ya yi na biyu, ya nufo jama'a hankali kwance, rana na haska jan jikinsa. 

"Subhanallahi," in ji liman. "Wannan wace halitta ce?"

"Zomon jejin Tihama ne, ya Shaihu. Ba kasafai ake ganinsa ba. Kakana sau ɗaya ya taɓa..."

Zomon Tihama ya wuce ta gaban liman, ya zo ya zauna a kan ƙafar Ubale, ya ɗaga kai yana jiran ganye.

Ubale ya ture shi da ƙafa, ya turo karen. Saruk ya matso a ɗarare, ya miƙa hanci. Zomon ya buga ƙafar baya a ƙasa, tim! Ai kuwa sai ga gudu na biyu. Karen ya yi kukan da ya fi na ranar kwalta, ya ratsa ta tsakiyar mata, ya shige ƙarƙashin mota. Zomon ya dubi rana, ya dubi inuwar motar, ya bi shi a hankali.

"Tarko ne!" Ubale ya ɗaga hannuwa sama yana juyi. "Janyo shi ya yi! Ku ba ku san farauta ba!"

Garin juyi tsumman dama ya warware ya faɗi. Ya kai hannun hagu zai rufe, shi ma nasa ya zame. Ya tsaya a tsakiyar fili da tafuka biyu jajaye a sama, kowa na kallo.

Dela ce ta fara rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Ashe biki muka zo! Ina angon?"

"Lallena!" in ji Mastura. "Lallen da na ajiye don sunan jikata!"

Dariya ta ɓarke. Wanzami ya faɗi a yashi yana riƙe ciki, mai ful ya shaƙe sai da aka bubbuga masa baya. Liman ya ja rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona masa asiri. Da aka ɗan lafa sai aka tuna da shinkafa. Ta nuna, tukunya uku, babu ko ƙashi.

Husaini ya zaro wuƙa daga akwatin mota. "Tayyib. Ja ne ko kore ne, zomo dai halal ne. Ko romo ne a samu."

Ya kwanta ya rarrafa ƙarƙashin mota. Can ya tarar da su kwance, zomon ya lafe a jikin cikin karen, karen na lasar masa kunne. Husaini ya miƙa hannu zai kamo ƙafar zomon. Karen nan da tun ranar da aka ciro shi ba wanda ya taɓa jin haushinsa, sai ya miƙe ya raba ƙafafu a kan zomon, ya saki wata murya kamar daga cikin rijiya. Husaini ya zabura, ƙeyarsa ta daki ƙarfen mota, ƙau! Ya fito da baya yana salati, wuƙar ma can ya bar ta.

"Fito da abinka, Ammi, kafin ya cinye ni!"

Ubale ya durƙusa. "Saruk, fito. Saruk, ɗan albarka. Saruk, kada ka ƙara kunyata ni." Ya kira da Hausa, ya kira da Larabci, ya yi fito, ya yi alkawarin hanta. Karen ko kallonsa bai yi ba.

Sai Mastura ta taso daga wurin tukwane, ta gyara mayafi, ta tsaya nesa kaɗan. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kwalta. Zo nan."

Karen ya fito da rawar jiki, ya zo ya zauna a gabanta yana share yashi da wutsiya, zomon na biye da shi. Hannunta ya shiga cikin mayafi da kansa ya fito da guntun ƙuli-ƙuli, ta jefa masa, ya cafe tun bai taɓa ƙasa ba. Ka san ba yau aka fara ba.

Ubale ya buɗe baki. "Kwalta? Ke ce kike... Ashe ƙibar nan..."

"To in bar shi ya mutu da yunwa a gidana? Tamis ɗinka ko ɓera ba zai ƙosar ba." Ta juya wajen liman. "Ya Shaihu, ina da tambaya. Zomo dabbar gida ce ko ba dabbar gida ba ce?"

"Wannan dai ta gida ce, har da lalle."

"Wanda ya tsaya a kan dabba ya hana a taɓa ta, me sunan aikinsa?"

Liman ya dubi karen, ya dubi ƙullutun da ya fara tasowa a ƙeyar Husaini. "Mastura, ke kika kawo ƙara."

"Na janye. Amma da sharaɗi. A filin da ke bayan gidanmu zai zauna shi da zomonsa, a yi musu rumfa ta tabarma, ba ta kwano ba. Kwanonsa daban. Kuma Khala Dela ce za ta zaga Bab Makka ta faɗa wa kowa cewa tsakanin karen da kaskona akwai katanga, tunda ita ta kai labarin farko."

"Ni me na ce?" in ji Dela. "Daga an tambaye ni..."

"Halas, magana ta ƙare," in ji liman. "Makiyayi ne. Garkensa ɗaya tal, amma na ga ya fi wasu riƙon amana. A zuba shinkafa, yunwa nake ji."

Haka mutum arba'in suka zauna a jeji suka ci farar shinkafa da albasa. Duk wanda ya kai loma sai ya ce, "Ubale, miƙo ƙodar nan," ko "A rage wa liman cinyar barewa." Ubale ya ci nasa da cokali, don duk lokacin da ya sa hannu a tire sai Dela ta fara waƙar amarya.

A hanyar dawowa ya yi shiru har aka wuce kilo biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Karen na kwance a ƙafafun Mastura, zomon na kan cinyar Dela tana duba irin kamun da lallen ya yi. Can sai Ubale ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Ku kuna dariya, ba ku san dama can shirina ke nan ba. Kiwon zomo! Kun san yadda suke haihuwa? Zomanyar nan da kuke gani, nan da Babbar Salla za ta cika mana fili da 'ya'ya. Shekara mai zuwa duk otal ɗin da ke Jidda a wurina zai sayi nama. Husaini, motarka ma ba za ta ishe mu ba."

Dela ta ɗaga zomon ta kunne, ta juya shi, ta leƙa ƙasansa da kyau.

"Ubale, namiji ne."

Ubale ya kalli zomon na ɗan lokaci, ya kaɗa jan hannunsa.

"Khala, ke dai ba ki san zomon Tihama ba."